Farar Katkat Mai Shan Gazuwal

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na bar ku a rataye, to ku sauko, ga ni na zo. Garka ce, wato lambu, ta riƙe ni kwana biyu, albasa ba ta san ana jiran labari ba. 'Yan uwa na ƙetaren iyaka da kuka tambaya: gazuwal shi ne man manyan motoci, esansi shi ne fetur ɗinku, katkat kuwa motar nan ce mai ja da ƙafa huɗu. Wanda ya sake tambaya sai ya saya min kati. Mu koma wajen Mardiya.

* * *

Kwana uku suka rage a ɗaura wa Mardiya aure da Malam Yasin, amma ba sayen lalle ne ya fito da ita Madawa da hantsin nan ba. Mota ce.

Rani uku matan garkarsu suna tara abin da albasa ta bar musu don su sayi ta kansu. Sun gaji da zaman jiran motar haya har albasa ta fara tsiro a rudu, rumbun ajiyarta, sun gaji da direbobin da in suka ji an ce Buza ko Keita sai su ce tayarsu ba ta son dutse. Da labari ya zo cewa wani dillali mai suna Abdoulkadir ya kawo farar katkat mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, kuma da sauƙin kuɗi, sai suka aiki Bashiru ya dubo musu.

Wa za su aika in ba shi ba? Shekara ashirin ya yi yana tuƙi. Kuma wan Ilyasu ne, mijin Mardiya. Shi ne ya bi sawun Ilyasu arewa shekara biyu da suka wuce, ya dawo ya durƙusa a tsakar gida ya ce motar ƙanensa ta kama da wuta can bayan Agadas, a hanyar masu neman zinariya, kuma da hannunsa ya binne abin da ya rage. A kan maganarsa Mardiya ta yi takaba. A kan maganarsa ake ce wa 'yarta Amira marainiya, a kanta kuma za ta shiga wani ɗakin ranar Juma'a.

To Bashirun nan tun da ya je ya ga motar ya dawo wani iri. Abu ɗaya yake maimaitawa: kada a saya, kada ma a je gani. Mardiya kuwa in kana so ta je wuri, ka ce mata kada ta je.

Suna saukowa a tasha ita da Inna Cima, shugabar ƙungiyarsu, sai ga shi a kan moto, babur ɗinsa, ya sha gabansu. Ko injin bai kashe ba.

"Inna, ina za ku?"

"Wajen da kac ce kada mu tai," in ji Cima, tana gyara mayafi.

"Na hwaɗa muku motag ga ba ta yi ba."

"Ka hwaɗa. Ba ka hwaɗi dalili ba."

Ya kashe moto. Ya cire hula ya share gumi, ya mayar.

"Gazuwal wahala ta, Inna. In pompin mai yal lalace ba mai taɓa shi nan, sai an kai Tawa. Kayanta tsada. Man ma yanzu gauraya shi akai da ruwa. Ku sai ƙaramar mai esansi. Esansi ko cikin kwalba a bakin hanya kun samu, kowane makaniki kuma ya san kanta."

Mardiya ta bar shi ya kai ƙarshe. Tana da wannan halin, takan bar mutum ya gama shimfiɗa tabarmarsa kafin ta ja ta.

"Yaya."

"Na'am."

"Bara da munka hwara zancen mota, wa yac ce motar esansi ta zuwa suna da biki ta?"

Ya kau da kai.

"Wa yac ce in anka ɗora mata buhu goma ta iso hawan Keita sai ta yi ta tari awa tsohuwa? Wa yac ce mai gazuwal na shiga ruwan ƙorama ta hita ba ta mutu ba, kuma tanki guda na kai ta Buza ta dawo ta sake komawa?"

"Lokaci na canzawa."

"Cikin kwana shidda, tun da kag ga motag ga?"

"Uwar Amira, ke amarya ta. Kwana ukku ɗai sunka rage. Mi ya haɗa ki da garaji da baƙin mai? Ki koma gida, mata na jiran ki."

Ga shi nan kuma. Duk maganar da aka ɗauko, sai Bashiru ya karkato da ita kan auren nan. Shi ne ma ya je ya sami iyayenta makon jiya ya ce a matso da ranar, wai kada damina ta riske su. Wace damina, ana tsakiyar ɗebe albasa? A lokacin ta ɗauka kirki ne. Yau da ta kalli idonsa sai ta ga ba ya son haɗa shi da nata, sai kallon tayar motonsa yake yi.

"Ido ɗai za mu sa mata," ta ce. "Kallo ba saye ba na."

"Mardiya!"

Rabon da ya kira ta da sunanta tun tana amarya a gidansu. Inna Cima ma sai da ta juyo.

"Bashiru, lahiya kake?"

"Lahiya lau, Inna."

"To kauce muna."

* * *

A bayan tasha aka ajiye motar, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Gaskiya a faɗe ta, motar ta yi kyau. Fara tas, tayoyi masu haƙora, bayanta zai ɗauki buhun da mata shida za su ɗinka a yini. Inna Cima tana ganin ta ta manta da shekarunta, ta kama shafa ta tana Masha Allah.

Abdoulkadir ya taso daga benci, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Makulli yana juyawa a ɗan yatsa.

"Sannunku da zuwa, Hajiyoyi! Ku na masu albasa? Allah ya kawo ku a kan gaɓa. Wani Alhaji na Babankatami ya yi min waya sau ukku yau, nic ce mai a'a, mata sunka riga ka."

"Daga ina ta hito?" Mardiya ta tambaya.

"Turai, Hajiya. Ta ruwa taz zo, a Lome tas sauka. Wani tsoho na yake zuwa gona da ita can ƙasassu. Ba ta taɓa taka ƙasag ga ba sai da nit tuƙo ta da hannuna, bisa gudron, kwalta zalla, tun daga bakin teku."

"Ba ta taɓa zuwa arewa ba?"

"Wace arewa? Allah shi kiyaye! Motar da tat tai arewa ai ta gama rayuwa."

Mardiya ba direba ba ce, amma shekara bakwai ita ke tada injin ban ruwan garkarsu, ita ke kwance shi in ya ƙi. Ta san ƙarfe. Ta ɗora tafin hannu a kan murfin injin. Da ɗumi.

"An tada ta da sahe?"

"Ɗan wanke ta ɗai munka yi."

"Wanki na sa inji zahi?"

Ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙori.

"Hajiya ta san mota ashe!"

"Ban san ta ba. Na dai san in ana son ɓoye hayaƙin sahe, ana tada inji kahin mai saye shi iso."

Bashiru ya cafe maganar kamar mai jira.

"Kin gani? Abin da nike hwaɗi ke nan. Injin ya gaji. Inna, mu tai."

"Injin lahiyatai lau!" Abdoulkadir ya harare shi. "Malam, wai mi nay yi maka? Ran nan ma haka kaz zo, kab buɗe ƙohwa, kaz zauna, kat tashi awa wanda kunama tah harba, ko sallama babu."

Mardiya ta ji wannan. Ba ta nuna ta ji ba, ta ajiye shi a gefe.

Ta zagaya bayan motar a hankali. A jikin bangon bayan, ƙarƙashin sabon fenti, akwai wasu ƙananan tabo huɗu a jere, inda aka cike huda aka shafe. Ta bi su da farce. Irin hudar nan ta san ta. Nan masu tafiya cikin rairayi ke rataye salkar ruwa don iska ta sanyaya ta.

Ta durƙusa ta leƙa ƙasa. Tankin mai biyu.

"Tsohon ga na Turai," ta ce daga durƙushen, "gonatai na da nisa ƙwarai."

"Don mi?"

"Tanki biyu gare shi."

"Haka ake yin su yanzu."

"Da waldar hannu?"

Ta sa yatsa cikin robar ƙofa ta ja. Rairayi ya zubo mata a tafi, fari, laushi kamar garin tuwo. Ba irin namu ba ne. Ƙasarmu ja ce, da tsakuwa. Ta miƙa wa Inna Cima hannun.

Cima ta murza. Murnar da ke fuskarta ta ragu.

"Yaro, wanga ba rairayin teku ba na."

"Inna, mota ce, iska na kai mata komi."

Zuwa nan abin da Mardiya ke zargi bai wuce ƙaryar dillali ba, kuma ƙaryar dillali ba ta hana ciniki, rage kuɗi kawai take sawa. Har ta fara lissafa wa ranta cewa in injin na da kyau, tankin nan na biyu ma alheri ne gare su. Abin da ya ƙi kwanta mata shi ne Bashiru. Mutumin da ya gano mota ta sha arewa ai sai ya zo ya faɗa da baki, ya ci ladan ƙwarewarsa. Me zai sa ya ɓoye, ya koma zagin gazuwal?

Ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya tashi. Haka dillalin ya ce.

Ta kama ƙofar direba ta buɗe.

"Uwar Amira, rana na yi," Bashiru ya ce da sauri. "Motar garinmu za ta cika."

"Ta cika."

Ciki sai ƙamshin sabo. An sa wa kujerun sabuwar riga, ja mai zanen furanni, an ɗaure ta tam. Duk wanda ya taɓa sayen albasa ya san ba a yanke ciniki da ta saman buhu, hannu ake turawa can ƙasa a ji abin da aka ɓoye. Hannun Mardiya ya saba da haka har ba ya neman izininta. Kafin ta yi tunani, yatsunta sun shige ƙarƙashin rigar kujerar direba.

Ta ji wani abu mai kauri, a jere, a karkace.

Ta sake bin shi da yatsa.

"Hajiya, kada ki ɓata min kwalliya," in ji Abdoulkadir.

Ba ta ji shi ba. Ta kama igiyar rigar ta kwance, ta yaye ta gaba ɗaya.

Tsohuwar kujera ce baƙa, ta yage daga gefe tun daga sama har ƙasa. An ɗinke yagewar da jar igiyar buhu, da basilla. Ɗinkin hular albasa.

Ku da ba ku san aikin ba: in an cika buhu har albasa ta yi tozo, sai a ɗora masa hula a ɗinke. A garkar su Mardiya ba a rubuta suna a jikin buhu, yawancin matan ma ba su yi lakwal, wato boko, ba. Kowace mace da ɗinkinta da ƙullinta. Ko buhu ɗari aka jibge wuri guda, kowa za ta ware nata ba gardama. Ita kuwa Mardiya bahaguwa ce. Ɗinkin kowa yana kwantawa dama, nata hagu yake kwantawa, kuma a ƙarshe takan yi ƙulli biyu ta mayar da bakin igiyar ciki.

Wannan hagu ya kwanta. Ga ƙulli biyu.

Ta tuna ranar. Ilyasu ya dawo da motar sabuwar saye, ruwan ƙasa ce a lokacin, yana ta murna, yana ƙorafin soson kujera na fitowa yana cizon sa a cinya. Tana tsaka da ɗinkin buhu ta taso da basillar a hannu, ta durƙusa nan bakin ƙofar ta ɗinke masa, Amira a bayanta tana barci.

Ta dafa ƙofa.

"Inna."

"Mi na na, ɗiyata?"

"Zo ki ware min wanga buhu. Na wa na?"

Cima ta matso. Ta sunkuya, ta kai ido kusa, ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga sama har ƙulli. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗago.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Na wa na, Inna?"

"Naki na. Ko cikin duhu anka ba ni shi na ce naki na."

Abdoulkadir ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Wai mi ke hwaruwa? Ɗinki na ɗai! In kujera ta ba ku so, sai a canza."

Mardiya ta juya. Ba shi ta kalla ba.

"Yaya."

Bashiru yana tsaye inda yake, hularsa a hannu, yana murƙushe ta.

"Yaya, kac ce ta ƙone."

"Motoci na kama da juna..."

"Kac ce ko taya ba ta rage ba. Kac ce ƙarhe ya narke. A gaban mahaihiyarku kah hwaɗa, ka dahwa Alƙur'ani."

"Ana iya cire kujera a sa ma wata mota."

"Kahin wutar ko bayanta?"

Ya ƙara murƙushe hular.

"Wuta ta ci ƙarhe ta bar igiyar buhu, Yaya?"

Mutane sun fara taruwa. Masu shayi, masu kabu-kabu, kowa ya bar abin da yake yi. Mardiya ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ihu tsoratarwa. Wani abu ne ke tasowa a ƙirjinta wanda ta kasa sa masa suna. Tsoro ne, da fushi, da wani ɗan guntun fata da ta ji kunyar sa, don Malam Yasin mutumin kirki ne, kuma da zuciya ɗaya ta amsa masa.

Inna Cima ta gyara ɗaurin zani ta fuskanci dillalin.

"Kai. Mai motag ga an ce muna ya mutu cikinta shekara biyu. Ga ta hannunka da sabon henti da sabuwar lamba. Ko ka hwaɗa muna inda kas same ta, ko ka hwaɗa ma jandarma. Ga ohishinsu can, ba nisa."

Makullin ya daina juyawa.

"Inna, don girman Allah. Ni ɗan kasuwa na, ba ɓarawo ba."

"Tsohon Turai yad ɗinka hular albasa?"

"To... to ba Turai ba ta."

"Sai ina?"

"Agadas."

Wani cikin masu kallo ya ce, "Ashsha!"

"Kowa haka shi kai!" Abdoulkadir ya buɗe hannuwa. "In kac ce ta arewa ta, ba mai saye. Amma wallahi da halalina nis saye ta. Da takarda, da shaidu. Ban kashe kowa ba, ban ƙwace ma kowa ba."

"Yaushe?" Mardiya ta tambaya.

"Wata biyar ke nan."

"Hannun wa?"

"Mai ita."

"Wane mai ita?"

"Wanda sunanai ke bisa takardar mota mana. Ni ba ni sayen mota hannun ɗan aike."

Ya zura hannu cikin aljihun gaban motar ya zaro wata leda, ya fito da takardu ya miƙa mata. Mardiya ta yi aji huɗu a lakwal kafin a cire ta. Karatunta bai da yawa, amma akwai sunan da ko a juye aka rubuta shi za ta gane.

Yana nan. Ga kuma kwanan wata, na bana.

Takardar ta yi mata nauyi a hannu.

"Yaya kamanninai?" ta tambaya.

"Dogo, baƙi, siriri. Da ɗan tabo nan bisa gira. Shina ɗan ɗingishi."

"Ba shi ɗingishi."

"Wanda nig gani dai shina yi."

Tabon gira kuwa ta san shi. Marfin rijiyar garka ne ya yi masa tun suna saurayi da budurwa.

Bashiru ya matso, ya rage murya yadda su kaɗai za su ji.

"Uwar Amira, ki ji tsoron Allah ki rufa muna asiri. Mu tai gida. Na rantse zan hwaɗa miki komi, amma ba nan ba."

"Rantsuwarka ta ƙare min, Yaya."

"Bayan Juma'a. Ki bari Juma'a ta wuce ɗai."

"Juma'a ta wuce?" Inna Cima ta dafe ƙirji. "Bashiru! Aure bisa aure kake so a ɗaura? Da saninka?"

"Inna, ba ku san abin da ke ciki ba."

"Shina da rai?" Mardiya ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Kalma guda ta, Yaya. Wata huɗu da kwana goma nay yi ban sa ɗan kunne ba. Amira ta daina tambaya ta yaushe shi ka dawowa. Mahaihiyarku ta mutu tana yi mai addu'ar kabari. Shina da rai?"

"Ni abin da anka ce in hwaɗa nah hwaɗa."

"Wa yac ce?"

Hawaye ne suka zubo masa, babban mutum da furfura a gemu, a gaban masu shayi.

Ta juya wajen Abdoulkadir.

"Kana da lambatai?"

"Akwai. Da sauran sa hannu guda da zai yi min in na samu mai saye, shi ya sa na aje ta."

"Kira shi."

"A'a!" Bashiru ya kai hannu zai kama wayar. Inna Cima ta shiga tsakani, ita da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, ta ɗaga masa yatsa ɗaya. Ya tsaya.

"Na goya ka, Bashiru. Taɓa wayag ga ka gani."

"Inna, in tak kira shi, ba ita ɗai abin zai shahwa ba. Wallahi ba ita ɗai ba."

"Kira shi," Mardiya ta sake cewa. "Ka buɗe murya kowa shi ji."

Abdoulkadir ya latsa. Ya riƙe wayar a tafin hannu tsakaninsu, nesa da jikinsa, kamar garwashi.

Ta yi ƙara sau ɗaya.

Har mai shayi ya sauke butarsa.

Sau biyu.

Mardiya ta sami kanta tana addu'a, ba ta kuma san me take roƙo ba. A ɗauka, ko kada a ɗauka. Ta ce a ranta wataƙila wani ne ya tsinci takardun. Wataƙila masu tabo a gira suna da yawa a duniya.

Sau uku. Sau huɗu.

Aka ɗauka.

Ƙarar iska, da wani inji can nesa. Sannan murya.

"Alo? Abdoulkadir? An samu mai saye?"

Inna Cima ta zauna daɓas a ƙasa.

Muryar ta ƙara kauri, ta gaji, amma ita ce. Ita ce muryar da ke tashin ta sallar asuba shekara goma sha ɗaya. Mardiya ta ji duniyar ta matse ta koma girman wayar nan.

"Alo? Ba ni jin ka."

A duk zamansu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba a yi mata tarbiyyar haka ba. Maigida take cewa, daga baya Baban Amira. Ta karɓi wayar daga hannun dillalin, ta kawo ta bakinta.

"Ilyasu."

Iskar can tana ta busawa cikin wayar. Ta ji numfashinsa, ya ja, ya riƙe. Ta jira ya ce ƙarya ne, ko ya yi salati, ko ya fashe da kuka, ko ya tambayi 'yarsa. Ko ma ya kashe wayar.

Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Mardiya... an ɗaura?"